Dogon Turanci: Dogayen Kalmomin Ingilishi da Yadda Suka Kwana a Bakin Manoman Daudawa

1.0 GABATARWA

Idan Bahaushe ya ce wa mutum, "Bar dogon Turanci," ba hana shi magana da Ingilishi yake yi ba, domin sau da yawa ma da Hausa tsantsa ake yin dogon Turancin. Abin da yake nufi shi ne a daina kewaye-kewaye, a faɗi magana a fili. Wannan salon magana shaida ce ta yadda Hausawa suka ɗauki harshen Turawa tun farkon gamuwarsu da shi, watau harshe mai dogayen kalmomi masu cika baki, waɗanda mai faɗarsu kan fake a bayansu, mai sauraro kuwa ya tashi hannu rabbana.

Manufar wannan maƙala ita ce a nuna cewa galibin dogayen kalmomin Ingilishi harɗaɗɗu ne. An ɗinka su ne daga ƙananan guntaye, kowane guntu da ma'anarsa, har ma ana iya cewa doguwar kalmar Turanci jimla ce da aka naɗe ta wuri guda. Wanda ya san guntayen zai iya kwance naɗin, ya ga abin da ke ciki, sa'an nan ya faɗe shi da Hausa. Wanda bai san su ba kuwa, sai ya haddace kalmar kamar aku, ko kuma ya tsorata da ita.

Za mu fara da duba asalin wannan tsawo da yadda ake kwance shi. Daga nan za mu ɗauki Daudawa da kewayenta, watau ƙasashen Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa a Jihar Katsina, mu ga abin da manoman auduga suka yi da irin waɗannan kalmomi lokacin da suka shigo musu har gona. A ƙarshe za mu nuna wuraren da ma'ana kan salwanta a hanya, da abin da ya kamata malamai da masu fassara su kula da shi.

2.0 DAGA INA TSAWON YA FITO?

Kalmomin Ingilishi na asali, waɗanda ake amfani da su a gida da gona da kasuwa, gajeru ne ƙwarai. Alal misali, house da cow da bread da rain da seed duk gaɓa ɗaya ɗaya gare su. Tsawon ya shigo ne daga baya, ta ƙofa biyu.

Ƙofa ta farko ita ce cin Ingila da Normandawa suka yi a shekarar 1066. Sababbin sarakunan Faransanci suke ji, saboda haka aka daɗe Faransanci shi ne harshen fada da shari'a, Ingilishi kuwa ya zama na talakawa. A wannan zamani ne kalmomi irin su government da parliament suka shiga harshen. Ƙofa ta biyu ta buɗe ne a ƙarni na 16 da na 17, sa'ad da malaman Ingila suka dinga ɗebo kalmomi daga Latin da Girkanci don bayyana ilmin likita da lissafi da falsafa. Har yau kuma daga waɗannan harsuna biyu ake ƙera yawancin sunayen kimiyya.

Sakamakon haka shi ne, sau da yawa abu ɗaya yakan sami suna hawa uku. Mai son yin tambaya zai iya cewa ask, kalmar gida, ko question, ta Faransanci, ko interrogate, ta Latin. Mai karatu ba zai ga wannan baƙon abu ba ne, don kuwa haka Larabci ya zauna a cikin Hausa. Muna da mutane, muna da jama'a, muna da al'umma. Muna cewa wane ya mutu, ko ya rasu, ko ya yi wafati. Matsayin da Larabci yake da shi a bakin malamin zaure, shi ne Latin yake da shi a bakin malamin Ingila.

Ya kamata a sani kuma cewa su kansu Turawan Ingila sun daɗe suna kuka da dogon Turanci. Tun a ƙarni na 16 wasu marubutansu suka laƙaba wa irin waɗannan kalmomi sunan kalmomin kurtun tawada, watau waɗanda ba su da mazauni sai alƙalamin malamai. A 1946 George Orwell ya rubuta maƙala yana gargaɗin marubuta da su fifita gajeriyar kalma muddin za ta biya bukata. A 1948 kuma Ernest Gowers ya wallafa littafi, bisa roƙon Baitulmalin Ingila, don koya wa ma'aikatan gwamnati rubuta wasiƙar da talaka zai gane. Ashe ke nan kukan Bahaushe yana da abokin yi a can.

3.0 KWANCE DOGUWAR KALMA

Doguwar kalmar Ingilishi takan ƙunshi saiwa, wadda ke ɗauke da ainihin ma'ana, da ɗafa-goshi da ke zuwa gabanta, da ɗafa-ƙeya da ke bin bayanta. Bari mu gwada da kalmomin da suka yi suna saboda tsawonsu.

3.1 Antidisestablishmentarianism. Harufanta 28 ne. Saiwarta establish, watau kafawa. Idan aka ɗafa mata ment sai ta zama suna, abin da aka kafa. Ɗafa-goshin dis yana warware aiki, saboda haka an sami rushe abin da aka kafa. Anti adawa ce, arian mai riƙe da ra'ayi ne, ism kuwa ita ce aƙidar. Idan aka haɗa, ma'anar ita ce aƙidar masu adawa da a rushe abin da aka kafa. Abin da aka kafa ɗin shi ne matsayin Cocin Ingila na addinin hukuma, wanda aka yi ta muhawara a kansa a ƙarni na 19. An janye wannan matsayi a Ailan a 1871, da Wales a 1920, amma a Ingila kanta yana nan.

3.2 Floccinaucinihilipilification. Harufanta 29. An jera kalmomin Latin ne guda huɗu, flocci da nauci da nihili da pili, kowacce tana nuni ga abu maras daraja, kamar ɗan tsinken ulu ko silin gashi, sa'an nan aka rufe da fication, mayar da abu. Ma'anarta ɗaukar abu ba a bakin kome ba. Kalmar raha ce ta masu ilmin Latin tun ƙarni na 18, kuma Bahaushe ya gama da ita da haruffa biyar: raini.

3.3 Pneumonoultramicroscopicsilicovolcanoconiosis. Wannan ita ce ake yawan ambatawa a matsayin mafi tsawo a manyan ƙamusoshin Ingilishi, da haruffa 45. Ga guntayenta:

pneumono: huhu
ultra: fiye da kima
microscopic: ƙanƙane, wanda sai da madubin likita ake ganinsa
silico: sinadarin da ke cikin yashi da duwatsu
volcano: dutse mai aman wuta
coni: ƙura
osis: cuta

Watau ciwon huhu da ake ɗauka ta shaƙar ƙurar dutse mai laushin gaske. An ƙaga ta ne a 1935 a wata ƙungiyar masu wasa ƙwaƙwalwa da kalmomi a Amurka, ana kuma danganta ƙagawar ga shugabanta na lokacin, Everett Smith. Likitoci ba su cika amfani da ita ba, silicosis suke cewa.

Abin lura a nan shi ne, wanda ya kwance wannan kalma ya ci riba fiye da kalmar kanta. Ya san pneumono, saboda haka in ya gamu da pneumonia zai san ciwon huhu ake nufi. Ya san osis, saboda haka zai gane cewa tuberculosis sunan cuta ne. Zai kuma iya kusantar byssinosis, wadda ta fito daga kalmar Girkanci mai nufin lallausan zare. Ita ce cutar ƙirji da ƙurar auduga ke jawo wa masu aiki a gidajen gurza da masaƙu, wadda aka san ta da tsananta a ranar farko da ma'aikaci ya koma aiki bayan hutun mako. Wannan kuwa cuta ce da ta shafi mutanen ƙasar auduga kai tsaye, ga shi kuma sunanta bai kai rabin rabin waccan tsawo ba.

Kalmomin nan uku na farko kusan abin nishaɗi ne. Dogayen kalmomin da suka taɓa rayuwar Bahaushe su ne na ofis da asibiti da gona, kuma don ganin yadda aka yi da su ne za mu juya ga Daudawa.

4.0 DAUDAWA DA TURANCIN AUDUGA

Daudawa gari ne a Ƙaramar Hukumar Faskari, arewa maso yamma da Funtuwa, cikin yankin da ya daɗe da shahara da noman auduga a kudancin Katsina. Hausawa sun san auduga da kaɗi da saƙa da rini tun kafin zuwan Turawa, saboda haka suna da kalmominsu na wannan sana'a, irin su gurza da angurya da shiɓa da mazari da abawa. Abin da Turawa suka kawo shi ne sabon iri, da sabuwar kasuwa, da sababbin hukumomi masu dogayen sunaye.

A 1902 aka kafa British Cotton Growing Association a Manchester, don samar wa masaƙun Lancashire auduga daga ƙasashen da ke ƙarƙashin mulkin Ingila. Ita ce ta kakkafa gidajen gurza a wurare irin su Zariya da Funtuwa da Malumfashi da Gusau. A 1912 aka shigo da irin audugar Amurka mai suna Allen, wanda sannu a hankali ya maye gurbin irin gida a wannan yanki. A 1921 aka kafa wata hukumar, Empire Cotton Growing Corporation, wadda a tsakiyar shekarun 1920 ta buɗe gonar iri a Daudawa. Aikin gonar shi ne ta karɓi ɗan zaɓaɓɓen iri daga masu bincike, ta yawaita shi, a raba wa manoman kewaye, daga nan kuma ya bazu zuwa sauran lardunan Arewa. Layin dogo da ya tashi daga Zariya ya bi ta Funtuwa zuwa Ƙaura Namoda, wanda aka kammala a 1929, shi ya sauƙaƙa kwasar amfanin.

Bayan mulkin kai kalmomin ba su daina kwararowa ba. Tashar bincike ta Samaru ta zama Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Daga 1975 zuwa 1980 aka gudanar da shirin bunƙasa aikin gona na Funtuwa da rancen Bankin Duniya, wanda ya game ƙasashen Faskari da Ƙanƙara, ya kuma yawaita takin zamani da magungunan feshi a hannun manoma. A 1986 aka rushe hukumomin cinikin amfanin gona. Kowane ɗayan waɗannan matakai da irin Turancin da ya zo da shi.

Mu kwance kaɗan daga cikin kalmomin:

agriculture: agri gona, culture nomawa da reno
multiplication: multi da yawa, plic ninki, ation aikatawa
irrigation: ir ciki, rig shayarwa
co-operative: co tare, oper aiki
association: as zuwa ga, soci aboki
insecticide: insect ƙwaro, cide kisa

Mai karatu zai lura cewa babu wata ma'ana a nan da ta fi ƙarfin manomi. Kalmar multiplication, wadda ita ce sunan aikin gonar Daudawa, in aka bi ta har saiwa ninkawa take nufi, daidai da yadda Bahaushe ke cewa iri ya ninka. Irrigation ban-ruwa ne, co-operative aikin gayya ne da aka yi wa rajista. Tufafin ne baƙi, amma mai sanye da su ɗan gida ne.

5.0 HANYOYIN DA HAUSA TA BI

Gaɓar Hausa iri uku ce: baƙi da gajeren wasali, ko baƙi da dogon wasali ko tagwai, ko baƙi da wasali da baƙi. Ba ta yarda da cunkoson baƙaƙe a farkon kalma ba, kuma galibin kalmomin Hausa da wasali suke ƙarewa. Ingilishi kuwa yana tara baƙaƙe uku a jere ba tare da damuwa ba. Saboda haka duk kalmar da ta shigo sai an yi mata gyara. Ana iya kasa gyaran kashi huɗu.

5.1 Hausantar da lafazi. Nan ana riƙe kalmar, a sauya sautukanta. Abin sha'awa shi ne gajerun kalmomi sukan ƙara tsawo, dogaye kuwa su ragu. Bread mai gaɓa ɗaya ta zama burodi mai uku, screwdriver mai uku ta zama sukuddireba mai biyar. Amma interpreter ta koma tafinta, inspector ta koma sufeto, electric ta koma lantarki, sergeant-major ta koma samanja. A misalai ukun farko na wannan rukuni gaɓar farko ce ta faɗi, dalili kuwa shi ne Bature ba ya ƙarfafa ta in yana magana. Wannan ya nuna cewa ta kunne aka ari kalmomin, daga bakin Bature zuwa kunnen lebura da soja da masinja, ba a kan takarda ba.

5.2 Yanke kalma. Nan ana ɗaukar goshin kalma a yar da sauran. Sunayen taki su ne misali mafi kyau. Superphosphate ya zama sufa, sulphate of ammonia ya zama salfa, compound fertilizer ya zama kamfa. In aka duba ta fuskar ma'ana, sufa ta riƙe ɓangaren da ya fi rashin amfani ne, don super fifiko kawai take nufi, sunan sinadarin kuwa shi aka yar. Duk da haka kalmar ta yi aikinta, saboda manomi ya san takin da ido, ya san amfaninsa ga gyaɗa, ya kuma san lokacin zuba shi.

5.3 Haruffan farko. Idan suna ya yi tsawon da ba ya yankuwa, su kansu Turawa sukan taƙaita shi da haruffan farko, Hausawa kuma su mayar da haruffan kalma. Native Authority ta zama En'e, District Officer ya zama Di'o. British Cotton Growing Association, mai kalmomi huɗu, ta zama Bisije, har sunan ya bi gidan gurza da unguwar da ke kusa da shi a Funtuwa. Haka kuma dichlorodiphenyltrichloroethane, mai haruffa 31, maganin ƙwarin da aka gano ƙarfinsa a 1939 aka kuma yi ta fesa wa auduga a ƙasashe da dama kafin yarjejeniyar Stockholm ta 2001 ta taƙaita amfani da shi, duniya duka da haruffa uku ta san shi, DDT.

5.4 Fassara da ƙirƙira. Nan ana barin lafazin gaba ɗaya, a dubi abin ko aikinsa a raɗa masa suna. Fertilizer ya zama takin zamani, ginnery gidan gurza, agricultural extension worker malamin gona, sanitary inspector duba-gari, veterinary officer likitan dabbobi, co-operative society ƙungiyar gama kai. Wannan hanya ita ce ta fi dacewa da ɗabi'ar harshen, domin Hausa ma tana da dogayen sunaye, sai dai nata a buɗe suke. Faɗi-ka-mutu da a-kori-kura da bar-ni-da-mugu da hana-salla duk jimloli ne da suka zama sunaye. Bambancin kawai shi ne, Bature ya naɗe jimlarsa da guntayen Latin da yaron Ingila ma sai an koya masa, Bahaushe kuwa ya bar tasa da kalmomin da kowa ke ji.

Hukumomi sun taka rawa a wannan fage. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a 1939 da Abubakar Imam a matsayin edita, ta yaɗa kalmomi masu yawa na mulki da siyasa. Hukumar Harshen Hausa da aka kafa a 1955 ta yi aikin tattara kalmomin aro da daidaita rubutunsu. A 1990 aka buga ƙamus na keɓaɓɓun kalmomin nazarin harshe da adabi wanda Ɗalhatu Muhammad ya tace. To, amma sufa da kamfa da Bisije ba a kwamiti aka yanka musu rago ba. A bakin sikeli da layin karɓar taki aka raɗa su, kuma sun zauna daram.

6.0 INDA MA'ANA KE SALWANTA

Hanyoyi ukun farko suna sauƙaƙa faɗi, amma suna rufe ma'ana. Ta huɗu tana buɗe ma'ana, amma ita ma takan karkatar da ita. Ga wurare uku da abin ke da hatsari.

Na farko, magungunan gona. Insecticide da herbicide da fungicide duk da cide suka ƙare, kuma mun ga cewa cide kisa ne. Bambancinsu yana goshi: na farko ƙwari yake kashewa, na biyu ciyawa, na uku cututtukan fumfuna. A bakin mutane kuwa duk maganin feshi ne. Manomin da ya fesa wa audugarsa maganin ciyawa a madadin na ƙwari ya yi asarar daminarsa. Ko a cikin maganin ciyawar ma akwai pre-emergence da post-emergence, watau wanda ake fesawa kafin tsiro ya fito da wanda ake fesawa bayan ya fito, akwai kuma selective da non-selective, watau mai zaɓe da mai kashe duk ɗanyen ganyen da ya taɓa. Haruffa uku ko huɗu ne a goshin kalma ke raba tsakanin girbi da hasara. Daɗin daɗawa, kalmar magani kanta tana da illa a nan. A Hausa magani waraka ne, abin da ake nema a sha. Abin da ke cikin galan ɗin kuwa guba ne, kalmar Turancin ma ta faɗi haka a ƙeyarta. Wanda ya ɗauki abu a matsayin magani ba zai ji tsoron zuba ruwan sha a mazubinsa ba, ko barbaɗa shi a buhun wake fiye da kima.

Na biyu, ɗafin da ke yaudara. Ɗalibin da ya koyi cewa in tana kore ma'ana, kamar a invisible, abin da ba a gani, zai iya ɗauka cewa inflammable yana nufin abin da ba ya kama wuta. Alhali kuwa mai saurin kama wuta ake nufi, domin wannan in ɗin ta dabam ce, mai ma'anar ciki, irin wadda muka gani a irrigation. Haka invaluable ba maras daraja ba ne, wanda darajarsa ta wuce ƙiyasi ne. Kwance kalma mabuɗi ne, amma ba ya ɗauke wa mutum duba ƙamus.

Na uku, kalmar da ta sauya ma'ana bayan ta shigo. Tiyata daga theatre ta fito, sunan ɗakin da ake aikin, amma a Hausa ta zama aikin kansa. Wannan ba ya cutar da kowa. Akwai kuwa wadda ke cutarwa. Ingilishi yana da informer, mai tsegunta asiri, da informant, wadda masu nazarin harshe da al'ada ke amfani da ita ga dattijo ko dattijuwar da suka ba su bayani. Ɗafa-ƙeya ne kaɗai ya raba su. Tun da rikicin 'yan bindiga ya addabi Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara, inda aka sace ɗaliban makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara a watan Disamba na 2020, kalmar infoma ta shiga bakin kowa da ma'ana ɗaya tak, watau mai kai wa 'yan bindiga rahoto. Zargi ne da kan iya jawo wa mutum asarar rai. Saboda haka ɗalibin da ya fita bincike a wannan yanki ya kiyayi furta kalmar da ya koya a aji ga wanda ya taimake shi. Ya ce mai ba da bayani, ko malamina, ko wanda na yi hira da shi.

7.0 KAMMALAWA

Daga abin da ya gabata za a ga cewa tsawon kalmar Ingilishi gado ne na tarihi, daga Faransanci da Latin da Girkanci, kuma kusan kowace doguwar kalma tana kwantuwa zuwa ma'anonin da Hausa ta riga ta mallaka. An kuma ga cewa Hausawan ƙasar Daudawa sun daɗe da samun dabarun sarrafa waɗannan kalmomi, sai dai dabarar da ta fi sauƙi a baki ba kullum ce ta fi tsare ma'ana ba.

Saboda haka muna ba da shawarwari uku. Malaman Turanci a makarantun sakandare da kwalejojin horon malamai su riƙa koyar da saiwoyi da ɗafe-ɗafe tare da ma'anarsu da Hausa, maimakon sa yara haddar jerin kalmomi. Yaron da ya san ma'anar pre da post da anti da cide da osis ya sami mabuɗin kalmomi masu ɗimbin yawa, har da waɗanda bai taɓa gani ba. Masu fassara a gidajen rediyo da ma'aikatun gona da na lafiya su fara kwance kalma kafin su yanke shawarar aro ko fassara, kuma duk inda kuskure zai taɓa rai ko dukiya su zaɓi bayani a fili ko da ya fi tsawo, su kira guba da sunanta. Ɗaliban manyan digiri kuwa, akwai aiki yana jiransu a Daudawa da Funtuwa da Malumfashi. Tsofaffin da suka yi aiki a gonar iri da gidajen gurza da wuraren awo suna ɗauke da kalmomin aro da ya kamata a tattara a rubuce, tare da lafazinsu da asalinsu, kuma yawan waɗannan tsofaffi raguwa yake yi kowace shekara.